Na ga gida a Harlem, maigida ya ce sai dai a ƙarasa na Kano

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni da maigidana mun daɗe a New York, muna haya a Bronx, ciki ɗaya da falo, dala 1,900 duk wata. Yaranmu biyu, mace mai shekara 11 da namiji mai 8, a falo suke kwana. Ni nas ce, albashina dala 78,000 a shekara, shi kuma tuƙin Uber yake yi, abin da yake nunawa a takardar haraji kamar 30,000. Mun tara dala 92,000, wajen 60,000 a ciki gumina ne, sai ɗan wani abu da nake jira a adashe. Toh na ga wani fulat ciki biyu da falo a Harlem kusa da titi na 116, irin gidajen nan na haɗaka da ake ce wa ko-of, kuma na HDFC ne, wato waɗanda aka ware wa masu ƙaramin ƙarfi, dala 385,000, kuɗin wata 950. Tsohon gini ne amma wallahi tunda na shiga raina ya kwanta, ga masallaci, ga kasuwa, ga jirgin ƙasa a kusa. Dillaliyar ta ce in ba mu sa tayi a satin nan ba wasu za su ɗauke. Maigida ya ce sam, bashin banki kuɗin ruwa ne, kuma gidan da yake ginawa a Kano ya kai linta, Hajiyarsa kullum sai ta tambaya, sannan wai yaya mutum zai saya da kuɗinsa kuma wasu su zauna su yi masa intabiyu. Na ce masa ai ni ma gumina ne, tun ranar ba ma wata magana sai gaisuwa. Ina tunanin in saya da sunana ni kaɗai. Kuma ina tsoron kwamitin gidan su ga hijabina su ƙi ni. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da zan fara faɗa miki shi ne ba ki yi laifi ba da kika so wa yaranki ɗaki. Yarinya mai shekara 11 ta fara zama budurwa, tana kwana a falo inda kowa ke wucewa, ke kuma ki dawo daga aikin dare ki tsallake katifa kafin ki kai banɗaki, duk uwar da ke cikin wannan halin dole zuciyarta ta tashi in ta ga ƙofa ta buɗe. Unguwar ma na gane abin da ya ja ki. Mutum ya fito daga jirgi na 2 ko na 3 a titi na 116 ya ɗaga kai ya ga koriyar ƙubbar masallacin Malcolm Shabazz, ya ɗan taka ya tarar da kasuwar 'yan Afirka ana sayar da atamfa da turare da man kaɗe, gidajen abinci na 'yan Senegal a jere, ranar Juma'a titi cike da manyan riguna, Central Park daga titi na 110, gidan wasan Apollo a titi na 125. Wanda ya baro gida da nisa ba ƙaramin abu ba ne ya samu inda zai ji kamar ba baƙo ba. Dan haka ba zan ce miki son zuciya ba ne.

Amma a satin nan kam, kar ki sa hannu a komai. Dillaliya aikinta take yi, sai an sayar take samun kamasho, kuma maganar wasu za su ɗauke kusan kullum ana yin ta. In sun ɗauke ɗin ma wani zai fito.

Bari mu fara da abin da ake saya ɗin, saboda a nan maigidanki ya hango wani abu na gaskiya ko da bai faɗe shi da daɗi ba. A ko-of ba ɗakin kike saya ba. Ginin gabaɗaya na kamfani ne, ke hannun jari kike saya a kamfanin, sai su ba ki takardar zama a fulat ɗin muddin jarin na hannunki. Kamar dai auren gidan yawa ne, ɗakinki naki ne amma rufi da tukunyar ɗumama gida da bashin da ke kan ginin na kowa ne, kuma akwai masu faɗa a ji. Su ne kwamitin gida, maƙwabta ne da aka zaɓa. Su za su duba takardunku kaf, takardun haraji na shekara biyu, bayanan banki, takardar wajen aiki, wasiƙun shaida daga mai gidan hayarku da mutanen da suka san ku, sannan su kira ku su gan ku. Suna iya cewa a'a ba tare da sun faɗi dalili ba. Ranar da za ki sayar kuma wanda zai saya sai ya bi ta wannan ƙofar. Kuɗin watan nan 950 ba ya ƙarewa ko kin gama biyan banki, daga cikinsa ake biyan harajin gini da inshora da ɗumama da ruwa da gyare-gyare, kuma hawa yake yi, da wuya ki ji ya sauka.

Su kuma gidajen HDFC suna da nasu tarihin. A shekarun 1970 masu gidaje da yawa a Harlem da Bronx suka gudu suka bar gine-gine da bashin haraji, birni ya karɓe, daga baya ya sayar wa 'yan hayan da suka daure suka zauna, wasu a kan dala 250 kacal kowane fulat, da sharaɗin gidan zai ci gaba da zama na masu ƙaramin ƙarfi. Shi ya sa kika ga ciki biyu da falo a Harlem a wannan farashin. Arahar tana da igiya. Akwai iyakar samun da mai saye ba zai wuce ba, kuma kowane gini da nasa lissafin, dan haka abu na farko da za ki tambaya a rubuce shi ne ko dala 108,000 da kuke samu ku biyu a shekara ta shige. Akwai kason da ginin ke yanka ranar da kika sayar, a wasu gine-ginen har kashi 30 cikin ɗari na abin da ya hau kan kuɗin da kika saya. Akwai kuma rangwamen haraji da yawancinsu ke ci wanda wa'adinsa 2029 ne, ki sa lauya ya duba matsayin wannan ginin, domin in harajin ya tashi a kuɗin wata za ki gan shi.

Yanzu lissafi, ki ɗauko biro. Yawancin ko-of suna son a ajiye kashi 20 cikin ɗari, wato dala 77,000. Saura 308,000 bashi. Mu ɗauka misali ruwan ya kama 6.5 cikin ɗari na shekara 30, biyan wata zai kai kusan 1,950, ki ɗora 950, kin tashi a wajen 2,900. Dala dubu ɗaya kenan sama da hayar da kuke biya yanzu, ban da wuta da intanet da inshorar kayanku. Samunku a takarda 9,000 ne a wata, kin ga gidan ya cinye kusan kashi 32, alhali kwamitoci da yawa sun fi son ganin ƙasa da 30, kuma in akwai bashin mota a kan maigida shi ma za a haɗa. Inda ya fi damuna shi ne abin da zai rage. Cire 77,000 daga 92,000, saura 15,000, daga ciki a biya lauya da kuɗin banki da na kwashe kaya. Kwamitoci da yawa suna son bayan an gama komai ki nuna kina da abin da zai riƙe gidan na shekara ɗaya, wasu har biyu, shekara ɗayan kawai ta kusa 35,000. Ko da wannan kwamitin masu sauƙi ne, ni ba zan so ki shiga tsohon gini hannu kusan wayam ba, ranar da aka ce rufi na yoyo ko tukunyar ɗumama ta mutu a watan Janairu, kowane fulat ya kawo kaza, daga ina za ki ɗauko?

Wannan lissafin shi ya amsa maganar ki saya ke kaɗai. Naki 60,000 bai kai 77,000 ba, kuma da albashinki kaɗai gidan zai ci kusan kashi 45 na samunki, da wuya banki ko kwamiti su yarda. Amma ko da lissafin ya fita ba zan ba ki wannan shawarar ba, ƙanwata. Kuɗinki naki ne, addini ya ba ki, babu mai ja. Sai dai gidan da aka saya da fushi kowace rana mijinki zai shiga yana jin an nuna masa iyakarsa, ke kuma duk ƙarshen wata za ki biya kina jin an bar ki ke kaɗai. Yaran da kike nema wa ɗaki su za su kwana cikin wannan shirun.

Mu duba ɓangarensa da adalci. Namijin da ya bar gida, ya yi shekaru yana zaune bayan sitiyari awa goma sha, ginin can Kano shi ne shaidar da yake da ita a idon mahaifiyarsa da 'yan'uwansa cewa tafiyar ba ta banza ba ce. Gini a linta, damina na dukansa, siminti na tashi, Hajiya na tambaya a waya, wannan nauyi ne na gaske. Sannan kalmar da kika faɗa, ai gumina ne, gaskiya ce, amma a kunnensa ta sauka kamar kin ce na fi ka samu. Ba na cewa ki janye haƙƙinki, cewa nake ki janye zafin. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ba yana shirin fita aiki ba, ki ce masa Abban yara maganar da na yi ranar nan ta fito da kaifi, ka yi haƙuri, amma damuwar da ta sa na yi ta tana nan, ina so mu zauna mu duba. Shi ma akwai abin da ya kamata ya ji daga bakinki a hankali: ba daidai ba ne a kwashe tarin shekaru a zuba a gidan da babu mai kwana a cikinsa alhali 'yarsa na kwana a falo, kuma kuɗin da kashi biyu cikin uku naki ne ba a yanke hukunci a kansa da sam kawai.

A ganina ainihin abin da ba ku taɓa zama kun warware ba shi ne, shin komawa za ku yi ko zama, kuma yaushe. Shi a ransa yana hanya, ke a ranki kin sauke kaya. Wannan tambayar ta shafi ko-of kai tsaye, saboda irin gidan nan ba a sayensa a rufe a tafi, kuma ba a zuba ɗan haya yadda aka ga dama. Gine-gine da yawa shekara biyu cikin biyar suke bari ki ba da haya, da izinin kwamiti, na HDFC kuma sun fi tsanani, so suke ya zama nan ne mazauninki na gaske. In maigida na nufin nan da shekara uku ko huɗu ku tattara, wannan gidan bai dace da ku ba ko kaɗan, kuɗin shiga da na fita za su cinye ɗan abin da kuka samu. In kuma gaskiyar magana ita ce sai yaran sun gama makaranta, shekara goma ko fiye, toh a faɗe ta a fili, daga nan maganar saye ta zama mai ma'ana.

Maganar kuɗin ruwa kar ki ɗauke ta a matsayin uzuri, ko da kina zargin ya fake da ita ne. A misalin da na ba ki, cikin shekara 30 ruwan kaɗai zai haura dala 390,000, ya fi uwar kuɗin da aka ranta. Ta fuskar addini kuma malamai sun yi saɓani, majalisar fatawa ta Turai a 1999 ta yi rangwame ga Musulmin da ke zaune a irin waɗannan ƙasashe ya sayi gidan zama ɗaya da bashin banki in babu wata hanya, wasu malaman kuma ba su yarda da wannan ba. Ni ba malama ba ce, ku je tare wajen malamin da shi maigidan ya yarda da shi, wanda ya san zaman Amurka. Akwai kamfanonin da ke sayar da gida ta tsarin Musulunci, ki kira su, amma tambayar farko ita ce kuna yin ko-of? Domin tsarinsu ya ginu ne a kan su mallaki gidan tare da ke ko su saya su sayar miki, a nan kuwa jari ne ba gida ba, kuma sai kwamiti ya yarda. In suka ce a'a, toh hanyarku ta koma kan kondo, wato fulat ɗin da ake mallakar shi kansa ba jari ba, ko ƙaramin gida, inda takardar mallaka ke fita da sunanku. Ku kuma sanar da malamin cewa ginin kansa yana iya zama da bashin banki a kansa wanda ake biya daga kuɗin wata, ya ba ku amsa a kan hoto cikakke.

Akwai wani abu da ban ga kin lura da shi ba. Ciki biyu, ɗaya naku, ɗaya na yara, mace da namiji, ita tana shiga 12. Kenan matsalar da ta tashe ki rabi aka magance. Wasu tsoffin gine-ginen suna da ɗakin cin abinci ko wani lungu mai taga da za a iya mayarwa makwanci, ki koma ki duba da tef a hannu, kuma ki sani ko bango ɗaya za ki tayar sai da izinin kwamiti. Ki karanta dokokin gidan ma kafin ki ƙara son sa: baƙo kwana nawa zai yi, in Hajiya ta zo wata huɗu yaya matsayinta, taron suna ko walima fa, ƙarfe nawa ake son shiru, akwai masu cewa sai an shimfiɗa kafet a kashi 80 na ƙasa. Mu mutane ne masu baƙi, gidan da zai sa ki riƙa raɗa da 'yan'uwanki ba hutu ba ne. Ki je unguwar da daddare ranar Asabar lokacin zafi, ki tsaya ƙarƙashin tagar ki saurara, ke mai aikin dare ce, barcin rana kike buƙata. Ki hau matakalar da ledar cefane a hannu in babu lifta. Ki buɗe famfo ki ga ƙarfin ruwa, ki leƙa ƙarƙashin sinki, ki tambayi wata tsohuwa a ginin yadda ɗumama take a hunturu, ita za ta gaya miki abin da dillaliya ba za ta faɗa ba. Ginin da aka yi kafin 1960 kuma a tambayi maganar fenti mai dalma, a 1960 ɗin ne birnin New York ya hana shi.

Hijabinki kuwa, ki sa abinki ki tafi. Doka ta hana a ƙi mutum saboda addininsa ko launinsa ko ƙasar da ya fito ko don yana da yara. Ba zan ɓoye miki ba, tunda ba dole ne su faɗi dalili ba, tabbatar da wariya yana da wuya, amma in aka yi miki tambayar da ta shafi addini ko asali ki rubuta ta da ranar da wanda ya yi, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin, ta lambar 311 ma za a haɗa ki da su. Abin da na fi ji miki tsoro takardu ne. Kuɗin adashe in kika zuba shi a banki dunƙule ana gab da saye za a tambaye ki daga ina, banki na duba bayanan wata biyu na baya, dan haka ki shigar da shi da wuri kuma ki riƙe shaidar zubin. Maigida kuma duk abin da ya cire na mai da gyaran mota a takardar haraji, banki abin da ya rage yake gani a matsayin samunsa.

Ga abin da nake ganin za ku yi. Ku ba kanku wata tara zuwa shekara. Ku yi rajista da ofishin ba da shawarar sayen gida wanda ma'aikatar gidaje ta Amurka, HUD, ta amince da shi, akwai su a birnin, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, ku je tare ya ji da kunnensa daga bakin wani ba ke ba. A can ku tambayi shirin HomeFirst na birnin New York, yana taimaka wa masu sayen gidan farko da kuɗin da ake ajiyewa tun farko har zuwa dala 100,000 in samunsu ya shiga sharaɗi kuma sun yi ajin, ko-of ma na ciki. Ku raba tarin gida biyu a rubuce: a yanke adadin da zai rufe ginin Kano, kwano da ƙofofi da tagogi, ya tsira daga ruwa ya tsaya a nan, daga kasonsa, fenti da tayil su jira. Sauran ba mai taɓawa, na gidan nan ne, kuna ƙarawa duk wata. Kuma tun daga watan gobe ku gwada rayuwar 2,900, ku biya haya 1,900 ku ajiye 1,000 a gefe, in kun yi wata shida ba ku ji jiki ba kun samu amsa kun kuma ƙara 6,000. Kafin nan yarinyar kar ta jira, ko labule mai kauri ko kabad a raba falon ta samu sirrinta, ko ku duba hayar ciki biyu ko da na shekara ɗaya ne. Kar kuma ki ɗaure ranki a Harlem kaɗai, a titin Grand Concourse nan Bronx ɗinku akwai tsoffin gine-gine na shekarun 1930 masu faɗin ɗakuna, da yawa ko-of ne, ga jirgin B da D da 4, ga jama'armu, kuma galibi kuɗinsu bai kai na Manhattan ba.

In kuma bayan zaman maigida ya sauko, kuka ga wannan fulat ɗin dai kuke so kuma yana nan, toh lauyanku na kanku wanda ya saba da HDFC, ba wanda dillaliya ta miƙo ba. Shi zai karanta rahoton kuɗin ginin na shekara biyu ko uku da bayanan zaman kwamiti, ya ga nawa ke asusun ajiya, mutum nawa ake bi bashin kuɗin wata, akwai shari'a ko babban gyara a gaba. Ranar sa hannu a kwantiragi ana ajiye kashi 10 cikin ɗari, 38,500 kenan, ki tabbata an rubuta cewa zai dawo in banki ya hana bashi ko kwamiti ya ƙi ku. Jarin a sa sunayenku ku biyu a matsayin miji da mata, abin da kowa ya zuba kuma a rubuta shi da shaidu, ku yi wasiyya a kan yadda kuke so a bi da gado.

Dillaliyar ki tura mata saƙo yau, ki ce kuna so amma sai kun ga iyakar samu, da kason da ake yanka in an sayar, da dokar ba da haya, da rahoton kuɗin ginin, duk a rubuce. In ta turo, ki aiko min da abin da ke ciki mu duba tare. Allah ya daidaita tsakaninku, ya zaɓa muku mafi alheri.